Hannu Biyu Kafin Sha Biyu

Matar ta sake buga sunan a kwamfuta, harafi bayan harafi, sannan ta cire tabarau ta goge ta mayar, kamar laifin na tabarau ne. Eruera Tawhai yana tsaye a gaban teburinta, ruwan sama na ɗiga daga hularsa a kan kafet ɗin majalisar gunduma. Agogon bango ya nuna tara da minti ashirin. Ƙarfe sha biyu na ranar nan ta Juma'a za a rufe karɓar takardun masu neman kansila.

"Wannan na biyun, Hoani Tawhai, ba ya cikin rajistar Maori," in ji Misis Pryce. "Yana ta gama-gari."

Eruera ya ce ba zai yiwu ba. Hoani ɗan ƙanen ubansa ne, kuma ya rantse masa cewa tun bara ya koma rajistar Maori. Ta juyo masa da fuskar kwamfutar, ta bar shi ya karanta da kansa. Daga nan ta yi masa bayani a hankali, irin bayanin da ake yi wa wanda aka san ya sani: kowa na iya neman kujerar Maori, wato 'yan asalin ƙasar, amma mutum biyun da za su sa masa hannu dole su kasance cikin rajistar Maori ta gundumar. Ya tambaya ko Hoani zai iya sauyawa yau. Ta ce wata uku kafin zaɓe ake rufe wannan ƙofa, kuma an rufe ta.

"Na farkon fa?"

"Matiu Keepa ba shi da matsala."

Eruera ya gyaɗa kai. Gaskiyarta. Matiu Keepa, mijin yayarsa, kwanansa uku ke nan a cikin akwati a zauren dangi na Te Kopua, kuma yau za a binne shi. Ranar Lahadi ya sa hannun, a gadon asibiti. Ba ta tambaya ba, kwamfutar ma ba ta tambaya ba, shi kuma bai ga dalilin cika mace da surutu tana tsakiyar aiki ba. Ya naɗe takardar ya zura cikin aljihun kwat.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne babu wanda zai ɗora wa laifi, alhali shi mutum ne mai son ya sami wanda zai ɗora wa. Shekara bakwai da suka wuce wani Bature mai fararen haƙora, da ke neman kujerar majalisar ƙasa, ya zo Te Kopua da takalmin roba sabo fil. Ya tsaya a bakin kogin Mangatea, ya dubi inda ruwa ke zaizaye gefen maƙabartar dangi, ya yi alkawarin katangar dutse. Sai dai mutanen ƙauyen duk suna rajistar Maori, ba su da ƙuri'a a mazaɓar Baturen. A nan ne aka jarrabi Eruera da dabara. Ya ɗauki hutun mako biyu daga shagon kayan noma, inda yake aiki tun da ciwon baya ya raba shi da askin tumaki, ya bi gida-gida da fom da biro, ya sha shayi har cikinsa ya riƙa ƙugi, ya kwashe kusan kowa ya mayar gama-gari. Baturen ya ci zaɓe. Ya aiko da katin Kirsimeti, sau ɗaya.

Daga baya majalisar gunduma ta ware wa Maori kujera guda cikin goma sha ɗaya. Maganar katanga tana gabanta, an jingine ta sai sabuwar majalisa ta zauna, kuma kowa ya san yadda aka rabu: biyar na so, biyar ba sa so. Mutum ɗaya ne ya kawo takardar neman kujerar, Dion Paraone, ɗan cikin gari, mai digiri da ladabi. Shi a ganinsa a tono ƙasusuwa a mayar kan tudu, ya fi sauƙi, ya fi hankali. Ba mugu ba ne, abin haushin ke nan. In babu wanda ya fito kafin sha biyu, zai hau kujerar ko ƙuri'a ba a kaɗa ba.

Hinewai, 'yar Eruera tilo, tana kwance a layin ƙarshe na maƙabartar, na bakin ruwa. Shekararta sha tara ta rasu. Ambaliyar bara ta tafi da shinge da bishiyar da ke kanta, yanzu tsakaninta da gaɓa bai fi tsawon motarsa ba. Sau ɗaya ya sa ta cikin ƙasa da hannunsa, kuma ba shi da niyyar sake ganinta a buhu.

Ya fara da abin da ya fi kusa. Ya tsaya a ƙofar babban kanti yana tare duk wanda ya ga fuskarsa irin tasu ce. Ta farko ta ce ba ta san rajistar da take ciki ba, mijinta ne ke cika takardu, shi kuma yana teku. Na biyu daga wata gunduma yake, ya zo cire haƙori. Na uku surukin Dion ne, ya yi masa ta'aziyya da kyau ya wuce. Wani tsoho mai keken sayayya ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ai ya tuna shi, shi ne mai fom, har ya sha masa shayi kofi biyu.

Goma saura minti biyar ya shiga a-kori-kurarsa. Waya ba ta shiga kwarin Te Kopua, kuma ko tana shiga, ya san amsar. Gida ɗaya ne ya ƙi shi shekara bakwai da suka wuce. Maigidan yana cikin akwati. Matar gidan, yayarsa Heeni, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, ita ce ta ce masa a ranar, tana tsaye a bakin ƙofa ko shayi ba ta ba shi ba, wanda ya sayar da kujerarsa don a gina masa bango zai ƙare a tsaye, kuma babu bangon da zai jingina.

Tafiyar minti arba'in ce in hanya ta yi kyau. Ya yi ta cikin arba'in da biyu, goge-gilashi na kai da komowa, kogin na bin gefen titi, ja wur da laka, yana tafe da rassa da gawar tunkiya guda.

Ta baya ya shiga, ta ɗakin girki, kamar ɓarawon kaji. Mata sun fi ashirin a ciki, ana yanka burodi, ana jera faranti a dogayen tebura. Gwaggo Pirihira, wadda ke mulkin ɗakin girkin nan tun kafin a haifi rabinsu, ta hango shi ta cikin tururi.

"Ga Mai Girma Kansila. An rantsar da kai ne, ko ka dawo feren dankali?"

Ya matsa kusa ya tambaye ta, ƙasa-ƙasa, ko ta san wanda ke cikin rajistar Maori a nan.

"Ni kake tambaya? Kai ka riƙe mini takarda na sa hannu, har ka cinye mini biskit." Ta ci gaba da yanka. Ta ce baƙin da suka zo daga arewa ba 'yan gundumar ba ne, na cikin gari kuwa tare da Dion suka zo a mota guda, yana can zaune a gaba, ya yi jawabi jiya har tsofaffi suna share ido. Sai ta tsaya da wuƙar a sama, ta dube shi sosai. "Tsuntsun da ya ja ruwa," in ji ta, ba ta ƙarasa ba.

Hoani yana bayan gida tare da mazan da ke kula da ramin gashi. An rufe nama da dankali da jiƙaƙƙun buhuna da ƙasa tun da safe, hayaƙi na fita ta gefe. Da ya ga fuskar Eruera sai ya jingine shebur.

"Fom ɗin yana mota, ɗan'uwa. Na cika shi tsaf. Gidan waya ne ban bi ta kansa ba."

"Shekara guda?"

"To kai ma ka san yadda hanya take."

Eruera ya so ya zage shi, amma babu lokaci, kuma zagin zai dawo gida. Ya juya ya dubi wajen zauren. Hoani ya bi idonsa, ya kama shi a hannun riga.

"Kada ka yi abin da nake gani a fuskarka."

Ba ya bukatar a gaya masa. Yaron goye ma ya san iyalin mamaci ba na duniya ba ne har sai an binne. Suna zaune da gawa kwana uku, ba sa jawabi, ba sa aiki, ba a kawo musu maganar gona ko ta kotu. Sai an rufe kabari, an kira su ɗakin cin abinci, sun sa loma a baki tare da jama'a, sannan su dawo cikin masu rai. Yau za a yi wannan kira wajen ƙarfe ɗaya. Dokar zaɓe kuwa ta ce sha biyu. Kowacce doka da gaskiyarta, shi ne dai ya faɗa tsakani.

Ya zare hannunsa.

An fito da akwatin zuwa baranda, an rufe shi tun asuba, an lulluɓa masa mayafin gashin tsuntsu, hotunan waɗanda suka riga shi tafiya jere a ƙafarsa. Mata cikin baƙaƙen kaya na zaune a kan katifu hagu da dama, ganye a kansu. Jama'a na kan benci ƙarƙashin rumfar tamfol, sun kai ɗari uku, fasto na tsaye yana karanta addu'ar ƙarshe. In ya gama, mutum shida za su ɗauki akwatin zuwa maƙabarta. Eruera ne na hannun dama a gaba. Matiu da kansa ya zaɓe shi, ya ce aƙalla in yana riƙe da akwati ba zai sami hannun raba takarda ba.

Ya cire takalmi a bakin matakala. Safarsa ta huje a babban yatsa, abin da bai tuna ba sai yanzu da mutum ɗari uku ke kallo. Ya rarrafa ta bayan matan, gwiwoyinsa na ƙara, har ya isa gefen Heeni. Tana zaune dab da kan akwatin, hannunta ɗaya a kan mayafin. Kwana uku sun rage ta. Ba ta juyo ba.

"Yaya."

Idonta na kan akwatin.

Ya faɗa mata a kunne, cikin jimla uku: hannun Hoani bai karɓu ba, sha biyu ake rufewa, babu kowa sai ita. Ya ƙara da cewa don Hinewai ne. Ya nuna akwatin da haɓa, ya ce shi ma layi biyu kacal ke tsakanin raminsa da ruwa.

Tsohuwar da ke kusa ta ji. Ta ja numfashi ta haƙori, ta taɓa ta gefenta, wannan ma ta taɓa ta gaba. Labarin ya bi katifu kamar wuta a busasshiyar ciyawa, babu wadda ta buɗe baki.

Heeni ta ɗauke hannu daga kan mayafin ta miƙo. Ya ciro takardar, ta yi laushi da danshi, ya sa mata. Ta buɗe a kan cinyarta. Ba ta karanta abin da aka buga ba, idonta ya tafi kai tsaye kan layin farko. Harafin farko na sunan Matiu babba ne kamar kullum, sauran kuwa sun zame ƙasa, kamar biron ya fi ƙarfinsa. Ta bi rubutun da babban yatsa.

"Yaushe?"

"Lahadi."

"Ina wurin Lahadi."

"Kin sauka neman shayi."

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi. Eruera ya taɓa tsayawa a gaban alƙali, ya taɓa tsayawa a gaban likitan da ya fito daga ɗakin Hinewai yana cire safar hannu. Da an ba shi zaɓi, da ya koma gaban alƙalin.

Ta miƙo hannu a karo na biyu. Ya ɗan jima kafin ya gane biro take nufi. Fasto ya kai ƙarshen aya ya tsaya jan numfashi, kuma a cikin wannan shirun ne ta danna kan biron. Ƙarar ba ta fi ta ƙyasta ashana ba, amma har benci na baya an ji. Faston ya ɗago kai, ya gani, ya mayar da ido kan littafi, ya ɓata layi, ya sake karanta ayar da ya riga ya karanta. Kawu Tamahou, babban mai magana da yawun dangi, yana zaune a bencin dattawa da sandarsa tsakanin gwiwa. Ya juya jikinsa a hankali har ya ba barandar kafaɗa.

Heeni ta soke sunan Hoani da layi ɗaya, ta rubuta nata a ƙarƙashin na mijinta, da adireshi, da kwanan wata, ba gaggawa, kamar yadda take cika rajistar 'yan aji shekara talatin. Ta naɗe takardar ta miƙa masa ba tare da ta kalle shi ba.

"Domin yarinyar na sa," in ji ta. "Tafi. Amma in an kira mu cin abinci, kada in ga fuskarka a ƙofar."

Ya buɗe baki. Ta mayar da hannunta kan mayafin.

Yana ɗaura igiyar takalmi a bakin matakala aka ce amin. Sha ɗaya da minti takwas. Aka kira masu ɗauka, mutum biyar suka tashi suka jeru, gurbin hannun dama na gaba ya zauna fanko. Suka dube shi. Da zai ɗauka, tafiya zuwa maƙabarta da waƙa da tsayawa a ƙofa minti ashirin ce, in an yi sauri, kuma ba a yi wa mamaci sauri. Ya miƙe, ya bi gefen rumfa kansa a ƙasa, mutane na janye ƙafafunsu daga hanyarsa fiye da yadda ake bukata.

A bakin ƙofar fili ya waiwaya, abin da bai kamata ya yi ba. Dion Paraone ya tashi daga benci, ya cire baƙar kwat ɗinsa ya miƙa wa matarsa. Bai yi azarɓaɓi ba. Ya tsaya, ya dubi Kawu Tamahou, ya jira. Tsohon ya ɗaga sanda kaɗan. Dion ya cire takalmi, ya hau baranda, ya sunkuya ya kama hannun akwatin. Safarsa lafiyarta ƙalau.

Muryar tsofaffin mata ta tashi da kukan rakiya daidai lokacin da Eruera ya tayar da mota. Ya rufe gilashi. Bai hana shi ji ba.

Bayan gada ya tarar da motar katako, cike da gungumen itace, tana hawan tudu kamar mai ciwon ƙugu. Kilomita goma sha ɗaya ya bi ta a baya, laka na feso masa, babu wurin wucewa. Ya yi ta magana da direban da ba ya jin sa, ya ambaci uwarsa da kakarsa, daga baya ya ba shi haƙuri. A wata kwana ya hango maƙabartar ta tsallaken kogi, baƙaƙen laima na shiga ƙofarta a jere. Ya mayar da ido kan itacen da ke gabansa.

Sha biyu saura minti bakwai ya tura ƙofar ofishin. Ya bar motar a wurin da aka keɓe wa shugaban majalisa, injin na aiki.

Misis Pryce ta karɓi takardar da yatsu biyu ta shimfiɗa ta a kan tebur. Ta dubi layin da aka soke, ta dubi sabon sunan, ta buga.

"Heeni Keepa. Tana ciki." Ta duba adireshi. "Gida ɗaya da na farkon. Mata da miji?"

Ya ce e.

"Madalla. Ka gaishe su."

Ya ce zai yi ƙoƙari.

Ta sa shi ya sa hannu a gefen gyaran, ta buga hatimi, ta rubuta lokaci: sha ɗaya da hamsin da shida. Ta taya shi murna, da alama har zuciyarta. Ta ce wata mai zuwa za a aika wa kowa takardar ƙuri'arsa ta gidan waya, kowa da irin rajistarsa. Tana shirin rufe shafin sai ta tsaya, ta matso da fuska kusa da kwamfutar.

"Ka lura kai ma kana gama-gari?"

Ya ce ya lura. Fom ɗinsa na komawa yana kan firji tun bara waccan, ƙarƙashin kalandar shagon kayan noma, amma bai ga amfanin ba ta wannan labarin ba.

"Tsayawa kam doka ta yarda maka. Sai dai ba za ka iya zaɓen kanka ba."

"Ba komai," in ji shi. "Da ma ban gama yanke shawara a kansa ba."

Ta yi dariya, ta ga shi bai yi ba, ta daina.

Ya tsaya da rasidin a hannu. A duk Te Kopua, ambulan biyu ne za su zo da sunansa a ciki, kuma akwatin wasiƙa ɗaya za su faɗa. Ɗaya Heeni za ta buɗe. Ɗayan zai zauna a kan tebur har ta sami ƙarfin ɗauke shi.

Agogo ya cika sha biyu. Misis Pryce ta zagayo ta cire sanarwar da ke manne a ƙofa, ta naɗe ta. Eruera bai motsa ba. Ya ce mata daga wurin mamaci ya fito, bai tsaya ya wanke hannu kamar yadda al'adarsu ta wajabta ba, ko akwai famfo a kusa.

Ta dubi hannuwan nasa, ta dubi takardar da ta taɓa. Sannan ta nuna masa wata ƙofa a ƙarshen baranda.

"Na ma'aikata ne," in ji ta. "Amma tunda yanzu kai ɗan takara ne, shiga."